Rigar Sanyin Fiddausi

Kuchigoro, Abuja

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? 'Yata Fiddausi tana zuwa makaranta kuwa?

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Ɗakina yana yoyo da damina, amma na saba matsar da katifa.

A watan nan na cika shekara da fara saƙa. Maƙwabciyata Kindness, 'yar Pankshin, ita ta koya mini. Hular farko ta fito a karkace, muka yi ta dariya. Tun daga nan na saƙa huluna, da safar jarirai, da shawul biyu. Ko a cikin keke Napep saƙa nake. Jiya Kindness ta ce, "Iyatu, ajiye zaren nan ki ci abinci mana." Ba na iyawa. Da hannuna ya tsaya, sai in ji kamar in tashi in nufi tasha in taho wurinku.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, rigar sanyin Fiddausi. Sau uku ina warware ta. Kullum sai in saƙa daidai yarinyar da na bar miki a Mubi shekara biyu da suka wuce, sannan in tuna ta girma.

Don Allah ki auna ta da igiya, kafaɗa da hannu da tsawo, ki ƙulla, ki ba Maliki direba ya kawo mini. Ki kuma tambaye ta launin da take so. A da ja take so. Yanzu ban sani ba, Yaya.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki,
Iyatu