Minti Biyu Ya Ishe Ni

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta kai ni ofishinsu. Sun zuba tsofaffin hotunan ma'aikatan masaƙa a kwamfuta, ba mai sanin sunayen sai ni. Shekara talatin da ɗaya ina gadin ƙofar. Ban yi boko ba, littafin ƙofa ne ya koya min rubutu. Hoto ya fito, in rubuta suna da yatsa ɗaya. Yau na rubuta tamanin.

Talata, 4 ga Maris
Abin yana da hali. In ka yi minti biyu ba ka taɓa shi ba, sai gilashin ya dushe, fuskokin da ba a sa wa suna ba su riƙa wucewa a hankali, sannan ya kulle. Sai na kira Auta daga sama ta sa lambar sirri. Ta ce, "Baba, bari in ƙara maka lokacin." Na ce kul. Ni da mutum bai gama jingine kekensa ba na rubuta shi?

Alhamis, 6 ga Maris
Dogo. Mai Tari. Ɗan Gurgu na sashen rini. Duk sun rigaye mu.

Asabar, 8 ga Maris
Akwai wani a layi na uku, hula a karkace. Na san muryarsa. Na san yana gaishe ni da hannun hagu, na daman inji ya ci. Sunan ya zo bakin harshe, gilashi ya dushe. In fuskoki suka fara wucewa shi ne na farko, kuma sai na ga ya fi sauran daɗewa. Auta ta ce duk daidai suke. To.

Litinin, 10 ga Maris
Sau bakwai ta sauko. Abokin aikinta ya ce, "Tsoho, yau ma sun rufe maka ƙofa?" Da abin ya kulle na ga fuskata a baƙin gilashin, na ɗan jima kafin in gane ta.

Talata, 11 ga Maris
Na ce ta mayar da shi minti talatin. Saboda ƙafafunta, benen nan ba wasa ba. Ta shiga nan, ta shiga can, ta goge biyu ta sa talatin. Ashe abin ba wuya.

Laraba, 12 ga Maris
Na zauna da mai hular, ido cikin ido, ba mai koro mu. Na ɗauke hannu kaɗan kawai. Sai ga gilashi baƙi, a kulle. Shayina ya huce, rana ta bar taga.
Minti talatin. Ban san inda na je ba.
Ban faɗa mata ba. Na dai ce gobe ta sauko da aikinta nan kusa da ni, fankar ƙasa ta fi ta sama iska.