Faɗanki a Kan Injin Tafiya

Zuwa ga Kyomugisha, uwar 'ya'yana, ruwan farko a gonar dawata, hasken safiya a kan tafkin Bunyonyi, sanyin idona a tsufana!

Na iso Kabale lafiya, amma bakina ya ƙi rufuwa. Tun daga tashar mota nake ba da labarinki, har ga waɗanda ba su tambaya ba. Wa ke da mace irin tawa a duk tsaunukan nan? A nuna mini shi!

Kin san abin da ya hana ni barci tun da aka yi miki aikin zuciya a Kampala. Ɗanmu Tumwebaze ya rantse ba za ki koma gidanmu na kan tsauni ba, wai hawan zai kashe ki. Shi da iyalinsa suka zaunar da ke a kujera a gidansa kamar ƙwai, ko tsintsiya ba a barin ki ɗauka. Ina kallon ki kina dusashewa kamar ganyen ayabar da aka sare. To ni fa? In zauna da wa a can sama? Da awaki?

Sai ranar nan da aka fara gwada ƙarfinki. Aka manna miki wayoyi a ƙirji, aka ɗora ki a kan injin nan da ƙasarsa ke gudu a ƙarƙashin ƙafa. Kika ƙanƙame ƙarfe, kika yi shiru, idonki cike da tsoro. Malamar asibitin ta raɗa mini: "Baba, sa ta magana. Idan tana tafiya tana magana ba haki, zuciyar na ɗauka."

Sai kawai na ce na ba maƙwabcinmu Rwabuhihi aron fartanyarki.

Kai! Ranar na ga mace! "Fartanyata? Wannan da ko gaisuwa ba ya mayarwa? Tsohon nan, ashe kai ya kamata a buɗe wa kai a duba!" Cikin faɗan kika bi ta kan katangar da ban gyara ba, kika gangaro kan waken da na bar wa tsuntsaye. Malama tana ƙara wa injin tudu, ke kina ƙara murya. Tumwebaze ya saki baki. Ni kuwa hawaye nake, ina dariya. Shekara da shekaru ina roƙon numfashinki ya ƙare a tsakiyar faɗa, ranar nan na roƙi Allah kada ya ƙare har abada!

Likita ya ce da sauran aiki, wannan mafari ne. Ya ce idan kika riƙe motsa jikin nan yadda aka tsara, tsaunin zai hawu, a hankali, ana hutawa. Ɗanki ya ji da kunnensa.

Don haka ina roƙon ki, kurciyata, kada ki tsallake ko rana ɗaya. Idan jikoki suka kawo miki kujera, ki gode musu ki wuce. Ki yi tafiya domina.

Ni ma ina shiri. Na kafa kututture a kowace kwana ta hanyar gida don ki zauna ki huta. Katangar kuwa ba zan taɓa ta ba, fartanyar ma ba zan karɓo ba. Ranar da za ki dawo, ina so in ji muryarki tun daga gindin tsauni har ƙofar ɗaki, in san da gaske kin warke.

Naki, yau da gobe, har ƙasa ta rufe idona,
Erinesti Bitarabeho