Ledar da Baba Ya Liƙa wa Takardata

Zuwa ga Mai Girma Magatakardan hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Sunana Maryamu Sa'idu, daga Kolere a Mubi. Na rubuto a fili ne domin wasiƙu biyu da na aiko a rufe har yau shiru.

Na yi karatun jinya shekara uku a Garwa, ƙasar Kamaru, da Faransancin da ko gaisuwa ban iya da shi ba ranar da na isa. Ni ce ta biyu a ajinmu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da na dawo, mahaifina, wanda tela ne a kasuwar Mubi, ya karɓi takardar shaidata ya zagaya da ita rumfa-rumfa. Da ya ga hannuwa sun fara sa mata datti, sai ya kai ta shagon masu hoto aka liƙa mata leda da inji, kamar yadda kowa a nan yake yi wa takardar da yake ji da ita. Bai tambaye ni ba. Da ya tambaya ma, da na ce a yi.

Ga kukana.

Na ɗaya, da na je neman zama jarrabawar lasisi, ofishinku ya ƙi karɓar takardar, wai zafin inji ya danne hatimin makaranta, ba a jin tudunsa da yatsa. Na yarda, ba a ji. Amma lambar takardar tana nan ɓaro-ɓaro, haka ma sa hannun shugaban makarantar.

Na biyu, an ce in kawo tabbaci daga makarantar, na koma Garwa na karɓo. An ce da Faransanci yake, na kai aka fassara. Da na sake yin doguwar tafiyar nan zuwa ofishinku, jami'in da ke teburin ya juya ledar ya ce maganar hatimi tana nan, har ya ba ni shawara in sa dutsen guga in ɓare ta. Ranka ya daɗe, na taɓa ganin wadda aka ɓare haka. Rubutun ya bi leda, aka bar mai ita da farar takarda.

Na uku, kuma wannan nake so ka sani. A ƙarshen Oktoban 2014, ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi kowa ya gudu, Baba bai waiwayi keken ɗinkinsa ba, takardar nan ya soke a cikin riga. Wajen tsallake mayo, wato rafi, ya zame ya faɗa ruwa. Takardun gidanmu suka zama kunu, tawa ta fito a bushe. A hanyar nan na karɓi haihuwa biyu a gindin bishiya, na ɗaure raunuka da yagaggen zani. Babu wanda ya nemi shafa hatimi kafin ya miƙo mini hannunsa.

Yanzu ina wani ƙaramin asibiti a Lamorde, inda ma'aikata da yawa ba su dawo ba. Gwajin zafin jiki nake yi da gyaran gado, domin doka ta hana ni allura, kuma ina girmama dokar. An ajiye mini gurbin ma'aikaciyar jinya zuwa ƙarshen shekara. Idan ban zauna jarrabawarku mai zuwa ba, wani za a ba.

Baba kuwa ya daina tambayata inda aka kwana. Tun da ya ji dalilin, cewa yake shi ya kashe mini karatu da hannunsa. Wallahi wannan ya fi gurbin ci mini rai.

Ba alfarma nake nema ba. Ina roƙon a tuntuɓi makarantar kai tsaye da lambar takardata, a sa sunana cikin masu jarrabawa. Idan na faɗi, laifina ne, ba zan ce uffan ba. A kuma sanar da iyaye illar ledar nan tun kafin su liƙa.

Tawa dai ba zan ɓare ta ba. Burina in miƙa wa Baba lasisina ya zagaya da shi kasuwa, ina biye da shi a baya kada ya biya shagon masu hoto.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa.

Wassalam.

Maryamu Sa'idu,
Kolere, Mubi.