Kaset ɗin Bara Sun Fi na Shekarar da Mijina Ke Yabo

Assalamu alaikum, Goggo Baiwa. Don Allah ki taimake ni, ko da za ki yi mini dariya kamar yadda mutanen gidanmu suka yi. Damuwata a kan abin wasa ce, gem ɗin nan da ake jonawa da talabijin a sa masa kaset, amma wallahi ta hana ni sukuni.

Mijina Dikko mai gyaran rediyo da talabijin ne a Birnin Kebbi. A 1987 wani ma'aikaci da aka canja wa wurin aiki ya bar masa na'urar, wai ta lalace. Dikko ya gyara ta, ya kawo gida don ya gwada, ba ta sake komawa shago ba. Da farko haushi take ba ni, don yakan zauna gabanta har tuwo ya huce. Rannan sai ya miƙo mini ɗayan abin riƙewar, ya ce in tsare masa gefen hagu. Tun daga nan ni ma na faɗa ciki.

Yayana Arzika abokinsa ne tun firamare, ta wurinsa ma muka san juna. Yana kai albasa Ikko daga Argungu da Augie, in zai dawo sai ya sayo sababbin kaset. Kowane ƙarshen shekara sai su baza su kan tabarma, su yi ta gardamar wace shekara ce ta fi kawo masu kyau. Dikko na 1988 yake yabo. A nan muka samu na tankokin yaƙi da mutum biyu ke tsaron gida ɗaya, da na tseren babur, da wani na hawan dutse wanda in ɗaya ya yi sauri sai ɗan'uwansa ya faɗo. Arzika kuwa ya kafe kan na 1989, saboda akwai kaset guda mai wasanni birjik a ciki. Dikko ya ce yawancinsu tsofaffi ne aka canja wa suna, na ƙwallon ƙafar ma 'yan wasan duk fuska ɗaya gare su. Ni suke naɗawa alƙaliya, kuma ban taɓa ba Arzika gaskiya ba. Dikko yakan buga cinyarsa ya ce, "Tamanin da takwas ba za a sake irinta ba."

A azumin bara zazzaɓi ya kama shi, kafin Salla Allah Ya karɓi abinsa. Da na gama takaba na dawo gidanmu a Argungu da ɗiyarmu Aminatu, na tura na'urar ƙarƙashin gado.

Watan jiya Arzika ya zo da kaset ɗin da suka shigo a 1990, waɗanda Dikko bai gani ba. Ya ce waɗannan sun danne na baya duka. Ban ko kalle su ba, ya aje ya tafi. Wata rana da Innarmu ta tafi suna, na jona na'urar na sa ɗaya, da niyyar in gano aibinsa in faɗa wa Arzika. Goggo, sun fi. Hoton ya fi fita, kiɗan ya fi daɗi, wasan kuma tafiya ce mai nisa, daga daji zuwa ruwa zuwa cikin gari, ba zagaye wuri ɗaya ba. Da na tsallake wani rami mai wuya, ban san lokacin da na yi dariya ba, na juya dama in ce wa Dikko ya gani. Ba kowa a wurin. Na yi kukan da ko ranar jana'iza ban yi irinsa ba. Abin da ke cin raina shi ne na yarda Dikko ya yi kuskure, alhali ba ya nan balle ya kare kansa.

Yanzu Arzika yana son ya kai tsofaffin kaset ɗin zuwa Sakkwato a musanya masa da sababbi. Na yi masa tsawa, na ce ba ya da amana. Ya tashi bai ci abinci ba, kuma bai sake takowa gidan ba. Inna ta ce abin kunya ne mace mai ɗiya tana kuka kan abin wasan yara, in ba da shi kowa ya huta. Mi zan yi? In rufe sababbin in riƙe na mijina, ko in rabu da komai?

Mai Ɗacin Rai, Argungu

*

'Yata, ban yi dariya ba. Allah Ya jiƙan Dikko, Ya raya Aminatu.

Ni ban taɓa riƙe wannan na'ura ba, saboda haka na yarda da hukuncinki: na 1990 sun fi. Amma Dikko bai yi kuskure ba. Ya auna shekarun da ya gani, ya zaɓi wadda ta fi a cikinsu. Kuma mutumin da ke barin tuwo ya huce saboda wasa, kina jin zai ga ramin nan da kika tsallake ya kau da kai? Da shi zai fara ƙwace abin riƙewar. Dariyarki ba cin amana ba ce, alama ce lafiya ta fara dawo miki.

Tsofaffin kaset ɗin kada ki bari a musanya su. Na Dikko ne, ke da Aminatu kuka fi kowa haƙƙi a kansu, kuma wata rana za ta so ta taɓa abin da mahaifinta ya so. A nan Arzika ya yi gaggawa.

Sai dai ki dube shi da kyau. Shi ma ya rasa abokin ƙuruciya. Ya shiga kasuwar Ikko kamar yadda ya saba, ya sayo kaset, ya dawo babu wanda zai yi masa musu. Ina jin shi ya sa ya kawo miki su, kuma ina zargin ganin tsofaffin ne ba ya iyawa, shi ya sa yake son ya kawar da su. Maganar amana ta yi nauyi a kan yayanki. Ki je gidansa da kanki, ki ba shi haƙuri a kanta, ki faɗa masa tsofaffin ba za su bar ɗakinki ba. Sannan ki gaya masa kin gwada sababbin, kuma wannan karon ya yi gaskiya. In ya yi kuka, ki bar shi ya yi.

Inna kuwa hawayenki ne ke tsorata ta, ba na'urar ba. Kada ki yi jayayya da ita, kuma ki daina jira sai gida ya watse kafin ki kunna. Ki kunna da rana tsaka, Aminatu na cinyarki, ƙofa a buɗe. Ranar da zuciya ta ƙi, ki kashe, ki yi wa mijinki addu'a. Babu wanda ya ɗora miki zaɓar shekara ɗaya ki binne saura.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya daidaita ki da ɗan'uwanki, Ya haskaka kabarin Dikko.

Goggo Baiwa