Inda Ƙarfe Ke Tsaya Mini

Birnin Solo, farkon damina

Zuwa ga yayana Mas Sukoco,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Mbak Sumini da yara. Yaya gwiwar mahaifiyarmu Ibu? Ta daina hawa gonar rogo, ko har yanzu tana yi muku gardama? Ni jikina lafiya, alhamdu lillahi. Raina ne babu daɗi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Ka san tun bara nake cije a ƙasa da kilo ɗari a wasan ɗaga ƙarfe. In na kwanta a benci aka ɗaure mini ƙafafu, na sauke ƙarfen a ƙirji na tura, sai ya tashi kamar tsawon tafin hannu ya tsaya cak. Nan zan yi ta kokawa da shi, jijiyoyin wuya duk a waje, har masu tarewa su ɗauke mini. Kullum wuri ɗaya, Mas.

An kawo wa sansaninmu sabon koci, Pak Gunadi, wani siriri mai yawan tari. Sau ɗaya ya kalle ni ina ɗagawa ya ce, "Wartini, ƙarfi kam kina da shi, amma kina tura ƙarfe kamar mai tura ƙofar surukai." Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Daga ranar ya hana ni nauyi. Rabin abin da na saba yake ɗora mini, ya rataya sarƙoƙi a bakin sandar dama da hagu, jelarsu na kwance a ƙasa. A ƙirji ƙarfen ba shi da nauyi, amma yana tashi sarƙa na barin ƙasa, nauyi na ƙaruwa. In ban tura da sauri ba sai ta riƙe ni a hanya. In yi uku in huta, in sake. Shi kuwa yana tsaye a kaina yana ihu, "Sauri, Wartini! Ba gawa muka ɗauko ba!"

Ni da na tsufa a kan bencin nan, yau ni ce ke wasa da nauyin 'yan koyo.

Ga kuma abin da ya fi damuna. An ce mace ɗaya za a kai gasar ƙasa a ajin nauyinmu, mu kuwa biyu ne: ni da Kinanti, yarinyar da muke ɗaki ɗaya. Shekararta sha tara, ita ma shan inna ne ya taɓa ta tana ƙarama. Wadda ba a zaɓa ba gida za ta koma. Yarinyar ba ta da mugunta ko kaɗan, ita ke shafa mini man zafi a kafaɗa, tana kirana Mbak, wato yaya, tana tsokanata wai, "Mbak, kwanta in gyara tsohuwar mota." Da tana da mugun hali da abin ya zo mini da sauƙi.

Kada ka gaya wa Ibu komai tukuna. Ka gaishe ta, ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Wartini

*

Solo, tsakiyar damina

Mas Sukoco,

Sallama da gaisuwa. Saƙonka ya iso, har da soyayyen tempe na waken soya da Mbak Sumini ta aiko, Allah Ya saka mata. Na ji daɗi da ka ce zazzaɓin ɗanka Bagas ya sauka. Yaya rufin kicin da ruwan nan?

Ka ce in je in faɗa wa kocin ba haka aka gina ni ba, da gwangwanayen fenti cike da siminti ka gina ni a bayan gida, kullum ana ƙara nauyi, kuma nauyi shi ke kawo ƙarfi. To, na je na faɗa. Bai yi fushi ba. Tambayata ya yi ko garinmu akwai tudu. Na ce ai mu a kan tudu aka haife mu. Ya ce, "In za ki hau shi da babur ɗinki mai ƙafa uku, a ina kike ba shi wuta? A tsakiya, in ya fara shaƙewa?" Na ce a'a, tun daga gindin tudu. Ya ce, "To ke a tsakiya kike neman ƙarfi, bayan injin ya riga ya mutu."

Ka tuna sau nawa ka turo ni a hawan masallaci?

Yanzu abubuwa sun ƙaru. Akwai ranar roba, wata mai kauri da ake ɗaurewa daga sandar zuwa ƙasa, tana fizgo ƙarfen kamar ta rotsa mini ƙirji, sai in tare in mayar nan take. Akwai ranar katako: a ɗora mini allo mai kauri a ƙirji, ƙarfen ya sauka a kansa daidai inda yake tsaya mini, in tashe shi daga nan. Wannan kam da nauyi ake yi, kuma ita ce kaɗai ranar da nake jin ni mutum ce.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai wata safiya da na tura, na ji sarƙoƙin sun yi tsalle sun yi ƙara, ƙarfen ya kai sama ban ma san ya wuce wurin nan ba. Pak Gunadi ya ce, "Yauwa." Shi ke nan abin da ya ce. Washegari kuma na koma tura ƙofar surukai. Gwiwar hannuna ta hagu tana kumbura, ƙanƙara nake ɗaura mata bayan kowane horo.

Kinanti kuwa kamar don ita aka ƙirƙiro sauri. Jikinta na ji a rana ɗaya abin da nawa ke ji a mako.

Ka ce in ma aka sallame ni ai gida gida ne. Na sani, kuma ban taɓa shakkar ka ba. Amma a nan ni 'yar wasa ce, Mas. Ana kiran sunana da lasifika. A ƙauye ni ce gurguwar gidan mahaifinmu marigayi Pak Marto, wadda mata ke wucewa suna ce mata sannu alhali ba ta yi aikin komai ba. Shekarata talatin da bakwai. In na dawo na zauna a baranda, ban san abin da zai sake tayar da ni ba.

A sa ni a addu'a. Gwajin zaɓe ya kusa.

Ƙanwarka,
Wartini

*

Solo, ranar Lahadi

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Ibu da kowa.

Jiya aka yi gwajin. Kowa damar ɗagawa uku gare shi. A ta biyu na nemi ɗari. Na sauke, na tsayar a ƙirji, na buga shi, ya tafi bai ko yi sallama a wurin nan ba. A ta uku na nemi ɗari da biyu. Ya yi jinkiri, na ji kamar zai tsaya, amma gudun da ya taso da shi ya kai shi. Alƙalai uku, farar fitila uku. Mas, ban taɓa ɗaga wannan ba a rayuwata. Mutumin nan yana da gaskiya.

Kinanti ta yi taurin kai irin na yara, ta fara da ɗari da uku. Sau biyu ƙarfen na kaiwa sama amma a karkace, hannun dama na riga na hagu, ana ba ta jar fitila. Saura ɗaya. In ta faɗi, ni ce zan tafi.

Ina zaune a kekena kusa da bencin aka kwantar da ita. Leɓenta ya yi fari. Sai idona ya kai kan bel ɗin da aka ɗaure mata cinyoyi da shi, na ga ya yi sako-sako. Ƙafarta ta hagu ta fi sirantaka, in ba a matse sosai ba ƙugunta na zamewa lokacin da ta buga da sauri. Ni na sani, don ni ke ɗaure mata a wajen horo. Mutumin da ya ɗaure jiya bai san jikinta ba.

Sai kawai na ji muryata: "Kai, ku ja bel ɗin nan! Ba ku gani ba ne?"

Aka ja. Ta ɗaga. Fari uku.

Wata da watanni ana nema mini sauri a hannu, ashe a baki ya taru. Kada ka ce na yi abin kirki, don ban yi tunani ba balle in zaɓa. Kuma tun jiya, in na ce ban yi da-na-sani ba ko sau ɗaya, na yi maka ƙarya. Wani lokaci in ji da na yi shiru da ba zan iya kallon fuskarta ba har abada. Wani lokaci in ji da na iya.

Ta zo ta kifa kai a cinyata tana kuka, tana cewa, "Mbak, don me? Mbak, don me?" Ni da aka kora, ni ce mai lallashi. Na ce ta tashi ta share majina, 'yar wasan jiha ba ta kuka a gaban alƙalai. Pak Gunadi ya tsaya a gabana ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi, ya dafa kafaɗata ya wuce.

Ranar Alhamis zan bar ɗakin. Ka samo motar mai garinmu Pak Lurah saboda keken da kayana. Ka gaya wa Ibu da kanka kafin in iso, ka fara da ɗari da biyun, sannan sauran. Ka zo kai kaɗai, don Allah, ban da yara. Ina so in yi kukana a hanya in gama kafin mu kai tudu.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Wartini