Kyamara Ta Biyar

Ranar Laraba

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da ɗalibanki masu hana ki sakat. Ya jikin Inna, ya idon nata? Ki ce mata na sauka lafiya.

Kin ce a waya ba na iya faɗin komai sai "lafiya lau", to ga wasiƙa da hannuna, kamar zamanin da nake neman aurenki. In na gama zan ɗauki hotonta in turo miki. Rubutun kuwa ki yi haƙuri da shi, kar ki ɗauko mini jan biro.

An sauke mu a wani masauki kusa da babban filin wasa, mu huɗu a ɗaki, da fanka ɗaya mai kukan tsohuwar ƙofa. Gidan talabijin na masu masaukin baƙi ne ke ɗaukar gasar, mu aro mu aka yi daga ƙasashen maƙwabta. Daraktanmu wani gajere ne da ake kira Sarkin Ihu, kuma wallahi ba a zalunce shi ba.

Ƙasashe takwas ne a gasar, amma kin san yadda take. Shekara da shekaru manyan nan biyu ke karɓa-karɓa da kofin, mu sauran cika lissafi muke zuwa yi. Shi ya sa wasan da aka buga a babban fili kaɗai za a nuna kai tsaye. Na ƙaramin fili kyamara ɗaya aka ba shi, a yanko minti biyu a saka cikin labarai. Darakta ya ce babu mai kashe wutarsa don kallon ƙanana suna fama da juna. Na ji zafin maganar, amma na haɗiye.

Mu wasanmu ɗaya ne a babban fili, ranar Asabar da ƙarfe huɗu, da masu masaukin. Kuma ji ikon Allah, kyamara ta biyar aka ba ni, wadda take bayan raga, mai jawo fuskar mai tsaron gida har ta cika gilashi. Kin san abin da wannan ke nufi a gidanmu. Babbar kyamarar da ke can sama 'yan wasa kamar tururuwa take nuna su, Inna kuwa tun da yanar nan ta rufe mata ido, sai abu babba na kusa take gani. In har za ta ga Auta, ƙanina mai tsaron gidan ƙasarmu, ta hannuna za ta gan shi.

Na je na same shi a masaukinsu. Ya tabbatar mini daga wannan gasar ya ajiye safar hannu, shekara talatin da shida gwiwa ta fara gardama. Har yanzu shi ne gola na biyu, a benci zai zauna. Na gaya masa Inna ta ce tana so ta gan shi a akwatin talabijin kafin ya daina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai matar da ta jefa takalmin ƙwallonsa a rijiya sau biyu? Da ya gama dariyar sai ya juya kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ki jawo kujerarta kusa da talabijin, ki sauke labulen tagar nan mai haske. Ko a benci ne zan nemi hanyar da zan kamo shi.

Naki har kullum,
Mai Ƙafa Uku, kamar yadda kike tsokanata saboda ƙafafun kyamarata


Ranar Lahadi

Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Ina fata kun tashi lafiya. Ni dai jikina lafiya, sauran kuwa kin gani da idonki.

Na karanta saƙonki sau biyar. Kin ce falo ya cika har bakin ƙofa, tela ya rufe shago, matar mai chemis ta zo da kujerarta. Kin yi ƙoƙari da ba ki zage ni ba. Bari in gaya miki yadda abin ya faru daga inda nake zaune.

Saura minti takwas a tashi, babu ci, filin ya yi tsit don masu gida ba su saba ba. Sai golanmu ya kwashe ƙafar ɗan wasansu. Alƙali ya ɗaga jan kati, ya nuna fenariti. Na waiga na ga Auta yana cire rigar sanyi. Sarkin Ihu ya ce a kunnena, "Biyar, gola!" Na saita, na jawo shi. Jar fitilar kyamarata ta kama, wato abin da nake gani shi duniya ke gani. Sai dai a lokacin bayansa ne ke wajena, lamba kawai ake karantawa. Na ce a raina, bari a buga, dole ya juyo.

Shekara goma sha tara nake wannan aikin, kuma darasin farko da maigidana ya koya mini shi ne, mai kyamara ba ya ɗaga kai daga madubin kyamararsa, ko gini na rushewa. Aka buga. Auta ya yi tsalle hagu ya doke ta. Ni kuma na ɗaga kai na dubi ƙanina da idona biyu, na miƙe na daka tsalle ina ihu. Gwiwata ta bugi mariƙin kyamara, ta kalli sama. Daƙiƙa shida cur ƙasashe takwas suna kallon gajimare da wata shirwa tana shawaginta. A daidai lokacin ya juyo, ya ɗaga hannu, fuskarsa na kallon inda nake. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin da Darakta ya faɗa a kunnena ba zai rubutu a wasiƙar da yara za su iya gani ba. Da aka maimaita hoton kuwa daga babbar kyamara aka ɗauko, tururuwa ta tare tururuwa.

Kin ce Inna ta matso da fuskarta, ta ga shuɗi fal gilashi, ta ce, "Allah sarki, har sama ya kai ta?" Kowa ya fashe da dariya, ita ma ta taya su. Daga baya da mutane suka watse ta tambaye ki a hankali ko an nuna shi ne idonta bai kama ba. Wannan tambayar ce ta hana ni karyawa yau da safe.

An cire ni daga babban fili. Daga gobe ni ne mai kyamara ɗayan nan ta ƙaramin fili. Ban yi musu ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. An tashi canjaras, mutanenmu na ta murna, Auta ya zama abin magana a gari. Da muka haɗu ya ce in gaida masa shirwar, ta fi shi farin jini. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ki gaya wa Inna gaskiya, laifin nawa ne, ba na idonta ba.

Mijinki mai kunya


Ranar Asabar

Malamata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Ya haƙuri da ni? Na gode da kika ce yara sun daina kwaikwayon tsallena a tsakar gida, ko da yake ban yarda ba.

Ƙaramin filin nan a bayan tashar mota yake. An ɗaura mini wani dandamalin katako, sai na hau tsani, in hau da ruwana da hulata, ba mai yi mini ihu a kunne. Ranar farko 'yan kallo ba su fi a ƙirga su ba. Amma Malama, ƙwallon da ake bugawa a nan! Raina kama ka ga gayya. Ƙananan nan da aka raina sun zo da shirinsu, kowa ya ga an riƙe masu gida sai ya ce shi ma zai iya. Ɗaya daga cikin manyan biyu tuni ya haɗa kayansa ya koma gida, waɗanda ba a taɓa jin sun ci wasa ba ne suka fitar da shi. Mutane suka dinga bugo waya gidan talabijin suna faɗa, wai don me ake ba su minti biyu. Minti biyu ya koma biyar, biyar ya koma goma sha biyar. Jiya har kan katanga mutane suka hau.

Mu mun ci wasanmu na biyu da ci ɗaya mai ban haushi, jiya kuma muka yi ɗaya da ɗaya. Auta ne a raga duka biyun, koci ya ƙi mayar da na farkon ko da hukuncinsa ya ƙare. Na san kun gani a labarai, kuma na san daga saman katakon nan Inna ba ta ga komai ba sai kore.

Jiya a minti na ƙarshe aka sako masa wata ƙwallo da ka, ya ture ta da yatsu. Da ta shiga da mun fita. Na ji ihun ya taso mini tun daga ciki, na cije leɓe har na ji gishirin jini, ban ɗaga kai ba. Hoton bai motsa ko kaɗan ba.

Yau da hantsi na leƙa motar da ake haɗa hotuna, na tarar da Sarkin Ihu yana kallon wannan wurin, yana mayarwa yana sake kallo. Bai dube ni ba ya tambaya ko gaskiya ne ni da golan uwarmu ɗaya. Na ce ubanmu ma ɗaya. Ban shirya roƙo ba, amma bakina ya buɗe, na ba shi labarin Inna da yanar idonta da rijiyar da ta ci takalma. Ya ce shi ba gidan jinƙai ya buɗe ba. Ya tambaye ni wane tabbaci zan ba shi cewa ba zan sake nuna wa duniya tsuntsaye ba.

Kin san buhunan yashin nan da muke danne ƙafar kyamara da su don iska? Na ce a ɗora mini biyu a cinya. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce uku.

Don haka ranar Talata ƙarfe huɗu, wasan kusa da na ƙarshe, a babban fili, kai tsaye, ina kan ta biyar. In an fitar da mu, shi ne wasan Auta na ƙarshe. Ki sake jawo wa Inna kujerar, ki ɗiga mata maganin idonta tun azahar. Ki ce ta yi mini addu'a, ni na fi Auta buƙata.

Naki,
Mai Ƙafa Uku da buhu uku


Ranar Laraba

Zuwa ga Malamata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewar gida. Ina fata Inna ta huta, yara kuma muryarsu ta dawo.

An fitar da mu, kin gani. Ba zan ce ban ji ciwo ba. Amma wasan da aka ce babu mai kallo, sai da aka kai bugun fenariti kafin a raba, kuma na ji ana cewa badi duk wasannin za a nuna kai tsaye, har na bayan tasha.

'Yan aiki sun sha dariya da aka jibga mini buhunan. Kafin hutun rabin lokaci ƙafafuna sun mutu, ko tsinke aka soka mini ba zan ji ba. Da aka zo fenariti, na farko ya shiga, na biyu ya shiga. Na uku Auta ya faɗa dama ya rungume ta a ƙirji. Jikina ya yunƙura, yashi ya ce zauna. Ya tashi da ƙwallon, ya juyo, ya tako har bakin raga, ya tsaya yana kallon cikin kyamarata. Na jawo shi a hankali har fuskarsa ta cika, da gumin, da furfurar gemun, da tabon goshin nan na faɗowa daga katangar makaranta.

A ƙa'ida daƙiƙa uku ake ba irin wannan hoto a wuce. Ina jira in ji an kira wata kyamara, sai na ji muryar Sarkin Ihu ƙasa-ƙasa, irin wadda ban san yana da ita ba, yana cewa, "Riƙe, biyar. Riƙe mata." Na ƙirga goma sha ɗaya. Daga daƙiƙa ta biyar ban ƙara ganin komai ba don hawaye, da yatsuna kawai na riƙe saitin. Bayan an tashi na je yi masa godiya, ya daka mini tsawa wai na bar wayar wutar kyamara a hanya.

Saƙonki ya iso ina zaune ana murza mini ƙafa. Kin ce Inna ta tashi daga kujerar, ta kai hannu ta dafa gilashin, ta kama bakin mayafinta tana share masa gumin goshi. Sai ta ce ya rame, kuma wa ya ce ya bar wannan gemun. Da kika gaya mata ni ne a bayan kyamarar, ta ce, "To, ashe idon babban na ara." Na karanta wa Auta a waya. Ya ce zai aske kafin mu iso.

An bar ni a kan ta biyar har wasan ƙarshe ranar Asabar, ba buhu wannan karon. Lahadi da yardar Allah muna hanya, ni da shi a mota ɗaya. Ya ce safar hannun da ya tare ƙwallon da ita Inna zai kai wa, in ta ga dama ta jefa a rijiya.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san halinki da tsumma, ba kya ganin tabo ki ƙyale. Kin ce shatin yatsunta na nan a gilashin talabijin. Don Allah kar ki goge, ki bar mini shi sai na zo na gani.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai ƙaunarki,
Mai Ƙafa Uku