Ƙwaryar Nononki, Hajjo

Assalamu alaikum, Hajjo, matata, abokiyar zamana. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke gida lafiya. An yi girbin gero, Daura na nan yadda kika bar ta, sai dai furar gidan nan ta zama marainiya.

Maganar ƙwaryarki ce ta kawo ni.

Na tuna yadda kike sauko da ita daga ragaya kamar mai ɗauko jariri. Ki tsiyaya ɗanyar madarar da Fulanin hanyar Zango suka kawo, ki bar ɗan tsohon nono a gindi ya zama iri, ki rufe da faifai. Ba ki taɓa dafa madarar ba, sabulu ma bai taɓa ganin ƙwaryar ba. Kikan ce, "Irin nan daga hannun innata ya fito, tsami kuwa ba ya barin cuta." Ni da nake tanɗe ludayi, wa ya aike ni musu?

Da aka sayo miki firiji kuwa, har guɗa kika yi. Kika ce ga tsami ga sanyi, ta ina cuta za ta shigo?

Ashe ta nan ta shigo. Bayan zazzaɓin da ya ƙage miki wuya ya tafi da ke, likitoci sun ce sun ga wata ƙwayar cuta a jininki, irin wadda kan ɓuya a madarar da ba a dafa ba. Hafsatunmu, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba don kunyar 'yar fari, ita ta zaunar da ni, tunda aikinta ke nan a ɗakin gwaje-gwaje. Ta ce cikin gadon halittar ƙwayar akwai wani makunni, kamar na ɗakinmu da ke tada fitila da fanka lokaci guda. Tsami ko gishiri ya matsa mata, sai makunnin ya tashi: ya ƙara mata taurin rai, ya kuma wasa mata makaman huda hanjin mutum. Sanyin firiji kuma ba ya hana ta hayayyafa. Kafin ta iso cikin mutum, ta riga ta yi makarantar tsami a ƙwarya.

Na ce wato wuya ce ta koya mata mugunta. Ke wuya haƙuri ta koya miki, Hajjo. Halitta kowa da darasin da ya ɗauka.

Hafsatu ba ta rantse cewa daga ƙwaryarki ba ne, ni ma ban rantse ba. Ajali ba ya rasa dalili. Amma ga abin da ya tsaya mini a rai: Zulai, matar autanmu, ita ke ciyar da irin nan tun ranar da muka kai ki makwanci, don kada hannunki ya mutu a gidan. Yanzu tana da juna biyu, ba ta sha'awar komai sai nonon ƙwaryarki. Ƙwayar nan kuwa, in ji Hafsatu, tsofaffi da 'yan tayi ta fi yi wa ɓarna.

Jiya da hantsi na sauko da ƙwaryar da kaina. Zulai ta tsaya bakin madafa tana kuka, tana cewa, "Baba, shi kaɗai ya rage mana." Na kai irin gindin zogalen da kika shuka, na juye. Ƙamshin ya taso, wallahi sai da na waiwaya ko zan gan ki.

Irin innarki ya ƙare a hannuna, ki yafe mini. Ƙwaryar tana kan ragaya, a kife. Madara yanzu sai an tafasa ta a tukunya, nonon ba ya kama ƙafar naki, ina sha ina yabawa don kada yarinyar ta ji kunya.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ƙoramun madarar Aljanna wadda ɗanɗanonta ba ya sauyawa. Ya sauki Zulai lafiya. In mace ce, sunanki za ta ci.

Naki, mai jiran ranar haɗuwa,
Malam, mijinki.